Hutun iyali a Orlando

Hutun iyali a Orlando shi ne tafiyar da iyaye kan yi da 'ya'yansu zuwa birnin Orlando da kewayensa, a tsakiyar jihar Florida ta ƙasar Amurka, domin ziyartar manyan wuraren wasa da shaƙatawa da ke yankin, tare da sauran wuraren buɗe ido na kusa. Orlando na cikin biranen da suka fi karɓar baƙi a Amurka. A shekarar 2018 kaɗai mutum miliyan 75 ne suka ziyarce shi, mafi yawansu Amurkawa, sauran kuma daga ƙasashe irin su Kanada, Birtaniya da Brazil. Kamfanoni uku ne ke da mafi yawan manyan wuraren wasan, wato Disney da Universal da SeaWorld.

Irin wannan hutu ya bambanta da na zuwa bakin teku ko ziyarar dangi, saboda sai an tsara shi tun kafin a bar gida. Wuraren wasan suna da faɗi kuma suna nesa da juna, kuɗin shiga yana sauyawa daga rana zuwa rana, kuma akwai lilon da ba a barin yaro ya hau sai ya kai wani tsawo. Shi ya sa watan da aka zaɓa da shekarun yaran ke yin tasiri a kan tafiyar fiye da jerin wuraren da iyali suka yi niyyar gani.

Tarihi

Kafin shekarun 1960 an fi sanin Orlando da gonakin lemu da kiwon shanu da sansanonin sojan sama. Akwai 'yan wuraren buɗe ido tun a lokacin: lambun Cypress Gardens da aka buɗe a Winter Haven a 1936, da Gatorland, wurin kiwon kadoji da Owen Godwin ya kafa a 1949.

Abin da ya sauya yankin shi ne zuwan Walt Disney. Bayan ya buɗe Disneyland a California a 1955, ya ga yadda otal-otal da shagunan wasu mutane suka kewaye wurin har ya rasa filin faɗaɗawa. Don haka a tsakiyar shekarun 1960 kamfaninsa ya sayi fili mai faɗin eka kusan 27,000 a kudu maso yammacin Orlando, akasarinsa fadama da daji. An yi sayen a ɓoye, da sunayen wasu ƙananan kamfanoni, don kada masu filaye su ɗaga farashi. An bayyana shirin a watan Nuwamba 1965. Walt Disney ya mutu a Disamba 1966 kafin a fara ginin, yayansa Roy O. Disney ne ya ƙarasa aikin, aka buɗe Magic Kingdom ranar 1 ga Oktoba 1971. Kuɗin shigar babba a lokacin dala 3 da santi 50 ne, ban da tikitin hawa lilo da ake saya daban.

SeaWorld ya biyo baya a 1973, sai Universal Studios Florida a 1990.

Manyan wuraren wasa

Walt Disney World ba wuri ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren da masu zuwa karon farko suka fi yi. Manyan filayen wasa huɗu ne a cikinsa, kowanne da ƙofarsa, kuma tsakanin wani da wani sai an hau bas ko jirgin ruwa ko jirgin dogo.

Magic Kingdom shi ne mai fadar Cinderella da ake gani a hotuna. Ya fi kowane wurin wasa a duniya yawan baƙi, inda ya karɓi sama da mutum miliyan 17 a 2023, kuma shi ne ya fi dacewa da ƙananan yara domin yawancin abubuwan hawansa ba su da sharaɗin tsawo. EPCOT, wanda aka buɗe a 1982, rabinsa na kimiyya da fasaha ne, rabinsa kuma rumfunan ƙasashe 11 da aka jera a kewayen wani tafki. Maroko ce kaɗai ƙasar Afirka a cikinsu. An buɗe rumfarta a 1984, kuma Sarki Hassan na II ne ya tura magina daga ƙasarsa suka yi adon bangon. Hollywood Studios na 1989 ya ƙunshi sassan finafinan Star Wars da Toy Story. Animal Kingdom na 1998 ya haɗa gidan dabbobi da wurin wasa, kuma a sashensa na Afirka ana ɗaukar baƙi a buɗaɗɗiyar mota su zagaya cikin raƙuman dawa da giwaye da dorina. Ƙauyen Harambe da ke sashen ƙirƙirarre ne, an kwaikwayi garuruwan gaɓar tekun gabashin Afirka wajen gina shi.

Universal ya fi karkata ga manyan yara da matasa. Bayan Universal Studios Florida akwai Islands of Adventure na 1999, da wurin wasan ruwa na Volcano Bay na 2017, da Epic Universe da aka buɗe ranar 22 ga Mayu 2025. Sashen Harry Potter da aka fara buɗewa a 2010 shi ne ya ɗaga darajar kamfanin a gasarsa da Disney. Tsofaffin filayen biyu kowanne yana da nasa ɓangaren sashen, jirgin ƙasa na Hogwarts Express ne ke haɗa su, kuma ba a hawansa sai da tikitin da ya ba da damar shiga filayen biyu a rana guda. Iyalai da dama ba sa gane haka sai sun isa tashar jirgin.

SeaWorld ya shahara da dabbobin teku, amma a shekarun baya-bayan nan ya fi zuba kuɗi a manyan liluka masu gudu a kan dogo. Legoland Florida, wanda aka gina a 2011 a tsohon filin Cypress Gardens, an yi shi ne domin yara 'yan shekara 2 zuwa 12, kuma yana da nisan kusan awa guda a mota daga Orlando.

Zaɓen lokaci

Yanayin Florida kashi biyu ne. Daga Yuni zuwa Satumba zafin rana yakan kai maki 33 a ma'aunin Salsiyas, da iska mai ɗauke da danshi wadda ke sa gumi ya ƙi bushewa. Wanda ya saba da busasshen zafin Sakkwato ko Maiduguri ma yakan ji shi daban. A waɗannan watanni kusan kullum ana ruwa da tsawa bayan azahar, ana rufe lilon da ke fili da wuraren iyo har walƙiya ta wuce. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kuwa ruwa kaɗan ne, safiya da dare akwai sanyi.

Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana farawa ne 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Orlando ba a bakin teku yake ba, amma guguwa kan iso shi. An rufe filayen Disney saboda guguwar Irma a Satumba 2017, da Ian a Satumba 2022, da Milton a Oktoba 2024. Rufewar ba ta cika wuce kwana ɗaya ko biyu ba, sai dai ga iyalin da suka zo na mako guda kwana biyu ba kaɗan ba ne, ga kuma soke tashin jirage.

Cunkoso yana bin hutun makarantun Amurka. Makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi cika a duk shekara, layin shahararrun liluka yakan kai awa biyu ko fiye. Sai hutun bazara na Maris da Afrilu, da makon bikin Thanksgiving a ƙarshen Nuwamba, da ranar 4 ga Yuli. Jama'a sun fi raguwa daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu, da kuma daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Ke nan lokacin da ya fi araha da sauƙin layi shi ne wanda ya fi zafi da haɗarin guguwa, kuma kowane iyali sai sun zaɓi wahalar da za su iya ɗauka.

Tikiti da layi

A Disney da Universal yaron da bai kai shekara 3 ba yana shiga kyauta, ɗan shekara 3 zuwa 9 yana biyan kuɗin yara, daga shekara 10 kuma ana lissafa shi babba. Bambancin kuɗin yaro da na babba 'yan daloli ne kawai. Tikitin kwana ɗaya na Magic Kingdom ya haura dala 100 tun 2015. Daga 2018 Disney ya ɗaure farashin da ranar da mutum ya zaɓa, ta yadda a 2024 tikitin kwana ɗaya ya kama daga dala 109 zuwa 189, gwargwadon filin da kuma ranar.

Tikitin kwanaki da yawa yana rage kuɗin kowace rana, kuma ba dole ne a yi amfani da kwanakin a jere ba. Na kwana huɗu, alal misali, ana iya cinye shi cikin kwana bakwai. Wannan sararin shi ke bai wa iyali damar sanya ranakun hutawa a tsakani. Akwai kuma ƙarin da ake kira Park Hopper, wanda ke ba da damar shiga fili fiye da ɗaya a rana. Ga masu ƙananan yara ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba, domin zirga-zirga daga fili zuwa fili na iya cin awa guda.

Batun tsallake layi ya sauya sosai. Daga 1999 Disney yana da tsarin FastPass, wanda ke ba mutum lokacin da zai dawo ya hau lilo ba tare da dogon jira ba, kuma kyauta ne. An dakatar da shi lokacin annobar korona a 2020, aka maye gurbinsa da na kuɗi mai suna Genie+ a 2021, sannan aka sake masa fasali da suna Lightning Lane a 2024. Ana sayensa ta manhajar waya, kuma kuɗin na kowane mutum ne a kowace rana. Masu kwana a otal-otal na Disney suna iya zaɓen lokutansu kwana bakwai kafin zuwa, sauran baƙi kwana uku. Universal yana da Express Pass, wanda a ranakun cunkoso kuɗinsa kan kai na tikitin shiga ko ya wuce. Sai dai ana ba da shi kyauta ga baƙin otal uku na kamfanin, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, don haka iyali mai mutum huɗu ko biyar kan tarar kwana ɗaya a otal mai tsada ya fi sayen katin daban sauƙi.

Hanyar da ba ta cin ko sisi ita ce sammako. Wanda ya isa ƙofa kafin a buɗe yakan hau liluka uku ko huɗu a awa ta farko, abin da zai ɗauki rabin yini idan rana ta yi.

Tsawon yara da juriyarsu

Ana auna yaro a bakin kowane lilo mai haɗari, kuma ma'aikata ba sa ɗaga ƙafa ko da santimita ɗaya ne ya rage. Seven Dwarfs Mine Train yana buƙatar santimita 97, Space Mountain 112, VelociCoaster na Universal 130, Incredible Hulk Coaster kuma 137. Auna yara a gida kafin sayen tikiti yana nuna filin da ya cancanci kuɗinsa. Ɗan shekara huɗu zai sami abin yi yini guda a Magic Kingdom ko Legoland, amma a Islands of Adventure zai shafe sa'o'i yana kallon yayyensa. Kamfanonin biyu suna da tsarin da uba zai hau uwa ta tsaya da ƙaramin, sannan su yi musaya ba tare da sake bin layi ba.

Yini guda a ɗaya daga cikin filayen yakan kai tafiyar ƙafa ta kilomita 10 ko fiye, a kan kwalta da siminti, cikin rana. Shi ya sa ake ganin yara 'yan shekara biyar da shida a keken turawa. Iyalai da yawa kan koma masauki da tsakar rana su yi barci, su dawo da la'asar domin wasan tartsatsin wuta na dare. Kwana biyu a filin wasa, kwana ɗaya a huta, shi ne tsarin da ya fi yi wa masu ƙananan yara daidai.

Masauki, abinci da sufuri

Masauki iri uku ne. Otal-otal na cikin Disney da Universal sun fi tsada, amma suna da sufuri kyauta zuwa filayen, kuma baƙin Disney suna shiga minti 30 kafin kowa. Otal-otal na titin International Drive da na hanyar 192 a Kissimmee sun fi araha. Na uku su ne gidajen haya masu ɗakuna uku zuwa shida da kicin da wurin iyo, waɗanda suka cika Kissimmee da Davenport. Ga babban iyali su ne mafi sauƙi, amma ba a zama cikinsu sai da mota. Farashin da ake tallatawa bai haɗa da haraji ba. A gundumar Orange ana ƙara kashi 12.5 cikin 100 a kan kuɗin ɗaki, wasu otal-otal kuma suna cajin kuɗin hidima da na ajiye mota daban. Ajiye mota a filayen Disney dala 30 ne a rana a 2024.

Disney yana barin baƙi su shigo da abincinsu da abin sha, muddin ba giya ba ce kuma ba a kwalba ba, kuma ana ba da kofin ruwan sanyi kyauta a rumfunan abinci. Universal ya taƙaita abin ga ruwa da ɗan abin taɓawa. Gidajen abincin da ake zama a kawo wa mutum, musamman waɗanda yara ke gaisawa da 'yan wasa masu shigar Mickey Mouse da makamantansa, ana kama wuri a cikinsu tun kwana 60 kafin ranar. A irin waɗannan wurare tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 kamar wajibi ne, domin da shi ma'aikatan ke cika albashinsu.

Babbar hanyar I-4 ce ke haɗa filayen da tsakiyar gari, kuma ta yi ƙaurin suna wajen cunkoso. Hanyoyi da dama na biyan kuɗi ne. Dokar Florida ta wajabta kujerar yara a mota ga ɗan shekara biyar zuwa ƙasa. Bas ɗin kyauta da Disney ke ɗauko baƙinsa da shi daga filin jirgin sama ya daina aiki a farkon 2022. Tun Satumba 2023 jirgin ƙasa na Brightline yana zirga-zirga tsakanin filin jirgin Orlando da Miami cikin kimanin awa uku da rabi.

Wuraren da ke kewaye

Ranakun hutawa su ne ake kaiwa ga wuraren da ba na manyan kamfanonin ba, kuma da yawansu kuɗinsu bai kai rubu'in tikitin Disney ba. Mafi girma shi ne cibiyar sararin samaniya ta Kennedy, tafiyar kusan awa guda gabas da Orlando, inda kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa wata ranar 16 ga Yuli 1969. Ana nuna kumbon Atlantis na ainihi da cikakkiyar rokar Saturn V a kwance, kuma saboda ana yawan harba roka daga yankin, iyali kan yi sa'ar ganin tashin ɗaya daga bakin tekun Cocoa Beach. Cibiyar tana da tikitinta, kuma tana cin yini guda.

Tsakiyar Florida cike take da maɓuɓɓugan ruwa masu fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ruwansu garau, sanyinsa maki 22 rani da damina. Wekiwa Springs, a arewacin birnin, ana iyo da tuƙa kwale-kwale a cikinsa, kuɗin shiga 'yan daloli ne a kan kowace mota. Blue Spring da ke Orange City shi ne mafakar ayu: daga tsakiyar Nuwamba zuwa Maris ɗaruruwan waɗannan dabbobi kan taru a can suna gudun sanyin kogin St. Johns, a lokacin kuma ana hana iyo, sai kallo daga gada.

A cikin gari akwai tafkin Eola da kwale-kwalensa masu siffar agwagwar ruwa, da cibiyar kimiyya ta Orlando, da garin Winter Park mai yawon jirgin ruwa tsakanin tafkuna. Disney Springs da CityWalk na Universal kasuwanni ne da wuraren cin abinci, ba a sayen tikitin shigarsu. Eatonville, ɗan ƙaramin gari a arewacin Orlando, an kafa shi a 1887, yana cikin garuruwan farko da baƙar fata suka mulki kansu a Amurka, kuma a nan marubuciya Zora Neale Hurston ta tashi. St. Augustine, wanda Sifaniyawa suka kafa a 1565, tafiyar kusan awa biyu ce.

Kusan kowane tafki da kududdufi a Florida na iya samun kada, har da waɗanda ke cikin harabar otal. A watan Yuni 2016 kada ya kashe wani yaro ɗan shekara biyu da ke wasa a bakin tafki a wani otal na Disney. Bayan haka ne aka kafa shinge da allunan gargaɗi a bakin ruwan.

Masu zuwa daga Najeriya da maƙwabtanta

Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya zuwa Orlando. Ana bi ta Atlanta daga Legas, ko ta Landan ko Dubai. Agogon Florida yana bayan na Najeriya da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida a sauran watanni, don haka yara kan farka tun da asuba a kwanakin farko, abin da ya yi daidai da sammakon da filayen ke buƙata. Dogon hutun makarantun Najeriya yana kaiwa farkon Satumba, alhali makarantun Florida suna komawa tun kusan tsakiyar Agusta, wanda ya sa makonnin ƙarshe na Agusta suka fi hutun Disamba sauƙin layi da farashi. Akwai masallatai a birnin, ciki har da Islamic Center of Orlando kusa da Lake Buena Vista, da gidajen abincin halal a yankin International Drive.

Babban shingen shi ne biza. Kuɗin neman bizar baƙi ya koma dala 185 a 2023, kowane yaro yana biyan nasa, kuma ba a mayar da kuɗin idan an hana. A watan Yuni 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasarta. A Yuli na shekarar ta rage wa'adin yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya. A Disamba 2025 kuma aka faɗaɗa jerin ƙasashen: Nijar ta shiga cikin waɗanda aka hana gaba ɗaya, Najeriya kuma cikin waɗanda aka dakatar da ba su sabuwar bizar yawon buɗe ido da ta karatu daga 1 ga Janairu 2026. Tikitin Disney da na Universal kuwa a ƙa'ida ba a mayar da kuɗinsu bayan an saya, ko da mai shi bai sami izinin shiga ƙasar ba.